Inuwa a Farantin Hagu

Balingen,
17 ga Yuni.

Zuwa ga Yayata Reinhild,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ki da dukan mutanen gidanki. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Gordon da yara da jikoki, kuma gwiwar nan da ta hana ki zuwa jana'iza ta yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya, ya ba da tsawon rai mai amfani. Mu ma nan lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Ɗanki Tilman yana can Hamburg, yana bugo waya kowace Lahadi da ƙarfe huɗu daidai kamar an ɗaura masa agogo. Ya tambaye ni ko na ci abinci, in ce na ci, ya ce madalla, sai mu yi sallama. Gwaggo Ilse ta cika tasa'in da ɗaya a watan jiya. Har yanzu ba ta riƙe cewa Ortwin ya rasu ba, duk ziyara sai ta tambayi abin da ya hana mijina zuwa. Na gaji da gaya mata, yanzu sai in ce yana gida yana aune-aunensa.

Yaya, wasiƙunki uku duk sun iso, kuma na karanta su. Suna nan a kan firji, na danne su da gwangwanin kofi. Kin ce in sayar da gidan nan in taho Winnipeg in ƙarasa sauran kwanakina kusa da ke, ɗakin Astrid yana nan ba kowa tun da ta yi aure, har Gordon ya sayi fenti. A ta ukun kin yi fushi, na gan shi a rubutunki. Kin ce ko eh ko a'a ki ji kafin ƙarshen Yuni, domin takardun zama suna cin lokaci. Kina da gaskiya, kuma ba raini ne ya sa na yi shiru ba. Tun Fabrairu ba na iya zaɓen komai. Nakan tsaya gaban mai burodi, ta tambaye ni wanne, in yi ta kallon kanta har na bayana su fara gyaran murya, ƙarshe in ce ta ba ni irin na jiya.

A waya na ce miki zuciya ce kawai, ban gaya miki yadda aka yi ba. Makon shararmu ne, mu ke da share matakalar gini daga sama har ƙasa. Ya ɗauki tsintsiya da safe ya fara daga ƙofarmu a hawa na uku, ya share na biyu, a na ɗaya ya faɗi. Washegari na buɗe ƙofa na ga allon da ke nuna masu sharar mako har yanzu a rataye a wurinmu, sai na ɗauki tsintsiyar na ƙarasa daga inda ya tsaya, na bi da ruwa na goge. Maƙwabta suna leƙowa suna kallona kamar wadda ta taɓu, ni kuwa mako namu ne, wa zai share? Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a coci ba, ban yi a maƙabarta ba. Kin san yadda leɓe yake zama idan likitan haƙori ya yi allura, kina taɓa shi, kin san naki ne, amma ba kya jin komai. Haka nake wata huɗu ke nan.

To, a farkon watan nan na ce bari in fara kwashe ɗakin ajiyarmu na ƙasa, ko zan tafi ko ba zan tafi ba, kaya dai ba za su kwashe kansu ba. Ina buɗe ƙofa sai ga farantan sola guda biyu jingine, har yanzu cikin kwalinsu, kowanne ya kusa tsayin ƙofa. An kusa shekara biyu da ya sayo su. Yanzu a nan kusan kowace baranda sai ki ga an rataya mata baƙin faranti, a jona waya a soket, rana ta riƙa ciyar da firji da injin wanki. Ortwin ya ga na Malam Eberle na hawa na biyu, shi ke nan hankalinsa ya tashi. Ya kai maganar taron masu gida, aka yi ta ja-in-ja a kan ko baƙi zai ɓata fuskar gini, ya yi nasara da ƙuri'a ɗaya, ya dawo yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓen magajin gari.

Ni ce na zame masa ƙarfen ƙafa. Barandarmu ƙarfenta ɗaya ne, kuma a gefen hagu akwatunan furannin Inna suke rataye, jajayen nan da na yanko daga tagar kicin ɗinta shekarar da ta rasu, nake ta dasawa shekara talatin da ɗaya. Idan zafi ya yi sukan zubo ƙasa kamar gashin da ba a kitse ba, daidai inda faranti zai zauna. Ya ce a sauke su a ajiye a kan daɓe. Na ce shi dai a sauke shi. Na ce ranar da hannunsa ya taɓa akwatin nan, ranar zai koyi dafa wa kansa abinci, kuma ya je ya ci wutar lantarkin in tana ƙosarwa. Ya ce ai fure ba ya kunna fitila, na ce faranti ma ba ya ƙamshi. Kwana uku ba mu yi magana ba sai ta miƙo gishiri. Daga nan bai sake tayar da zancen ba.

Abin da ya rage masa saye shi ne ƙaramar inbata, wata 'yar akwatin ƙarfe da ba ta fi littafin waƙoƙin coci girma ba, wadda ake ɗaurawa a bayan faranti. Ita ce ke juya wutar da rana ta bayar ta koma irin wadda gida ke sha, in babu ita da farantin da katakon tebur duk ɗaya ne. Yaya, fiye da shekara mutumin nan yana zaɓen akwati ɗaya. Kin san shi, shi ne ya yi wata biyu kafin ya sayi laima. Yau ya ce wannan tana ɗaukar zafi, gobe ya ce waccan garantinta gajere ne, jibi ya ce doka za ta ƙara daga wat ɗari shida zuwa ɗari takwas, gara a jira. Doka ta ƙara, bai saya ba. Bara kuwa, tun daga Mayu har Satumba, sai ya yanko kwali daidai girman faranti ya ɗaure a ƙarfen baranda, ya riƙa fita da tef ɗin awo da 'yar takarda, yana leƙawa ƙasa yana rubutu. Na ce masa in zai faɗo kada ya faɗo kan motar mutane. Na gaya wa matan coci cewa mijina ya ƙirƙiro solar kwali, irinta ta farko a duniya, suka yi ta dariya. Da labarin ya dawo masa cewa kawai ya yi sannu sannu ba ta hana zuwa, na ce ya ƙarasa karin maganar mana, sai dai a daɗe ba a je ba. Ban taɓa tambayarsa abin da yake aunawa ba. Na tabbata hujja yake tarawa a kan furannina, ranar da ya gama ya shimfiɗa mini lissafi a kan tebur ya ce ga ɓarnar da suke yi.

Da na ga farantan sai na tafi wurin Malam Eberle, tsohon ma'aikacin lantarkin nan da suke musun ƙwallo da Ortwin, na ce ya zo ya kwashe su kyauta. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi barandarsa ta cika, kuma ko da ba ta cika ba, ba zai ɗauki kayan mutumin da ya dame shi da tambaya shekara guda ba, kada ya biyo shi cikin mafarki yana neman garanti. Ya ce abin da aka fara a ƙarasa shi, in je in sayo inbata shi zai ɗaura, in ya so duk wanda ya shigo gidan a bayana ya mora. Na ce ni ban san kan abin ba. Ya ce ai yanzu zance ya zo da sauƙi tunda barandar wayam take, ya lura bana ban fito da furanni ba. Sai a lokacin na tuna da su. Tsakiyar Mayu ta zo ta wuce, sanyi ya janye, kowa ya fito da nasa, ni ko a raina. Na tuna ɗin, amma ban koma ƙasa na duba su ba.

Ranar Talata na shiga bas na je babban shagon kayan gini. Wata mata mai gajeren gashi, sa'ar Tilman, ta jera mini guda uku a kan kanta. Ta yi bayani da haƙuri, ni kuwa ina kallon bakinta yana motsi. Abin da na riƙe kaɗan ne. Duk ukun suna kashe kansu nan take idan aka zare fulogi, don kada wuta ta kama hannun mutum. Ɗaya tana aika wa wayar hannu labarin aikinta kowane lokaci, na ce a mayar da ita, ba na neman ƙarin mai bugo mini. Saura biyu. Ɗaya ƙofa ɗaya gare ta, a haɗa farantan biyu kamar shanun huɗa a karkiya ɗaya, idan inuwa ta taɓa wannan sai ya ja ɗan'uwansa su yi ƙasa tare. Ɗayar mai ƙofa biyu ce, kowane faranti da tasa hanyar, abin da ya sami wannan bai shafi wancan ba. Sai matar ta ce tambaya ɗaya ce za ta raba gardama, ko akwai abin da ke yi wa barandar inuwa, bishiya ko gini. Na yi tunani, na ce babu, kudu take kallo kuma babu komai a kanta. Ta ce to mai ƙofa ɗaya ta wadatar. Na ɗauka na kamo hanya, ina cewa a raina abin da ya gagari Ortwin shekara guda ni na gama shi kafin bas na gaba ya iso.

Da na iso gida na ciro takardar garanti. Kin san mu, takarda ba ta kwana a kan tebur, Baba ya koya mana, Ortwin kuma ya fi Baba. Kowace takarda sai an huda ta an sa a fayil ɗinta. Na shiga ɗakin aikinsa, karo na farko tun Fabrairu, na bi jerin fayilolin da yatsa, na mota, na inshora, na haƙori, sai wani kore da ya rubuta wa Baranda. Na buɗe don in sa takardar kawai in rufe. Shafi wajen arba'in ne da ƙananan rubutunsa, layi-layi. Kwanan wata, ƙarfe nawa, sai santimita nawa inuwar furanni ta sauko a kan kwalin hagu. A wani wuri ya rubuta cewa yau Gerlinde ta yi musu aski, inuwa ta ragu. A wani wuri ya rubuta cewa sun yi kyau bana. Na ce yauwa, ga hujjar da na faɗa, na juya zuwa shafin ƙarshe da ya rubuta in ga hukuncin da aka yanke wa furannina.

Shafin ƙarshe na sha tara ga Janairu ne, mako uku kafin ya faɗi. Ya zana akwatunan inbata uku, ya soke biyu da rula, ya zagaye ɗaya. A ƙarƙashi ya rubuta cewa mai ƙofa biyu za a saya. Farantin hagu zai rasa kusan rabin ƙarfinsa a lokacin zafi, ba komai, na dama zai riƙe gida. Furannin Gerlinde suna nan inda suke. Sai layi na ƙarshe, wai kada a gaya mata sai an ɗaura, in ba haka ba za ta ce ita ta ci.

Da na so in ce miki na fashe da kuka, don na san abin da kike jira ke nan, Fasto ma ya ce kukan zai zo. Bai zo ba. Na zauna a kujerarsa, na ga ya bar alƙalami ba murfi, na rufe shi. Na ji ana buga ƙararrawar sha biyu. Abin da na ji a jikina shi ne wani ɗan ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, irin na leɓe idan allura ta fara saki, sai kuma haushin kaina. Wata biyar ina yi masa dariya a gaban mutane, shi kuwa yana tsaye cikin rana yana nema wa furannin Inna wurin zama. Rashin sani ya fi dare duhu. Kuma ga ni na je shago da ƙafata na gaya wa baƙuwa cewa babu komai a barandar.

Na sauka ɗakin ajiya. Akwatunan furannin suna bayan farantan, a kan katakon da yake jera su kowace Oktoba idan sanyi ya ƙarato. Shi ne mai sauke su, shi ne mai ɗiga musu ruwa sau ɗaya a wata duk hunturu, ni tawa ita ce ba da umarni. Tun Janairu ba wanda ya ba su ko ɗigo. Cikin akwati huɗu, uku sun bushe ƙamas, ina taɓawa suna karyewa. Na huɗun, wanda ke kusa da 'yar tagar, ya fitar da wasu dogayen tsiro farare, sirara, duk sun karkata wajen haske. Na ɗauko shi ni kaɗai, ina hutawa a kowane hawa. A hawa na ɗaya na daɗe a tsaye.

Washegari na mayar da mai ƙofa ɗaya. Matar ta tambaya ko ta lalace ne, na ce a'a, ni ce na ba da amsa ba daidai ba, akwai inuwa. Ta ce ko bishiya ce, na ce furanni ne. Ta yi murmushi ta ce ai furanni ana iya matsar da su. Na ce mata waɗannan ba a iyawa, an riga an auna. Ta dube ni, ta kawo mai ƙofa biyu, ta ce garantinta shekara goma sha biyu ne.

Malam Eberle ya so ya ɗaura ranar Lahadi, na ce ko kusa, ba za a ji ƙarar ƙarfe daga barandata ranar Lahadi ba, maƙwabta su sa ni a bakinsu. Aka bari sai Litinin da safe, shi yana ɗaurewa, ni ina riƙe da igiya. Da ya ga akwatin da na rataya a hagu sai ya kwashe da dariya, ya ce wannan abin tausayin ne aka saya wa ƙofa ta musamman, ai inuwarsa ba ta kai ta cokali ba. Na ce ya ba shi wata biyu. Na ɗauko fayil ɗin na nuna masa shafin ƙarshe. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce ja'irin mutum, ashe shi ya sa yake ta damunsa da zancen inuwa. Sai ya juya mini baya, ya daɗe yana ɗaure wani noti da ya riga ya ɗauru.

Ya ce ni zan jona. Na sa fulogi a soket ɗin baranda. 'Yar fitilar akwatin ta yi ja tana ƙiftawa, ya ce a jira, sai ta tabbatar da wutar gida kafin ta saki tata. Muka tsaya mu biyu tsofaffi muna kallon bayan faranti kamar masu jiran sakamakon asibiti. Bayan minti ɗaya ko biyu ta koma kore. Ba ƙara, ba komai. Ya ce shi ke nan, yanzu rana ce ke ciyar da firjina, kuma da garanti shekara sha biyu akwatin nan ce za ta binne mu duka. Na ce ya yi maganar kansa.

Yaya, ga amsarki, kuma ki yi haƙuri. Ba zan zo ba. Ba don na warke ba ne, har yanzu abinci ba shi da ɗanɗano a bakina, har yanzu nakan dafa kofi na mutum biyu in zubar da rabi. Ba kuma don ba na marmarinki ba, ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma ke kaɗai kika rage mini da ta san muryar Inna. Amma akwatin furen nan ɗaya ne ya rage, ba na jin za a bar ni in shiga jirgi da shi, kuma sai an yanka an dasa kafin ya cika sauran ukun. Cikin Oktoba sai wani ya sauke su, cikin Mayu sai wani ya hau da su. Mutumin nan ya yi wata biyar yana auna musu wuri, ba zan bar wa baƙo baranda ya zo ya shanya tawul a wurin ba. In Allah ya kai mu Kirsimeti zan zo in yi miki mako uku, lokacin suna barci a ƙasa, Malam Eberle ya ce zai ɗiga musu ruwa. Ki ce wa Gordon ya yi fentin, amma kada ya sayi kabad.

Ki gaishe mini da Gordon da kyau, ki gode masa. Ki gaishe da Astrid da mijinta, da Konrad, da jikokinmu Maren da Linus, ki ce hoton da suka zana mini yana jikin firji. Tilman yana gaishe ku duka. Gwaggo Ilse ma tana gaishe ki, ko da yake a wurinta har yanzu kina makaranta. Ki riƙa shan maganin gwiwar nan, kada ki yi taurin kan da muka gada.

Zan tsaya nan, ƙarfe biyu ta kusa. A bayan fayil ɗin akwai shafukan bana da ya riga ya ja wa layi, har kwanan wata ya sa, bai samu cikawa ba. Jiya na auna, santimita huɗu ne kawai. Ban san abin da zan yi da lissafin ba, amma ƙarfe biyu yake aunawa, kuma tef ɗin yana nan inda ya bar shi.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Gerlinde